Bangon da Ba a Kafa wa Ƙusa

Da hukumar birni ta sake gina unguwarmu a gefen birnin Incheon, sai ta ce an daina ware benen masu hayar gwamnati da na masu gidan kansu da shingen waya a tsakani. Aka barbaza mu 'yan haya cikinsu: ƙofa iri ɗaya, lif ɗaya, makarantar yara ɗaya, don kada a san wane ne wane. Wanda ya zana wannan tsari dai bai taɓa shan shayi da Maman Yerim ba.

Mu huɗu ne, iyayen 'yan aji ɗaya, muke zagayen shayi gida-gida. Na shiga ne saboda 'yata Daon, wadda duk rayuwarta ba ta taɓa yin ƙawa ba sai Yerim. Na yi ta zillewa kada zagayen ya zo kaina, yau mura, gobe surukata ta zo, har dabara ta ƙare mini.

Baranda ce abin tsorona. Duk mai gidan kansa yakan rushe bangonta ya faɗaɗa falo. Mu 'yan haya kuwa ko ƙusa ba a yarda mu kafa ba. Sai na sayo labule mai kauri, daga sama har ƙasa, na rufe ta ruf.

Suka zo bayan an tashi makaranta, yara suka shige ɗaki. Ina zuba shayin sha'ir Maman Yerim ta soma.

"An ce akwai 'yan haya a ajin yaranmu. Ni fa ba ƙyama nake ba, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai."

"To, Yaya, ta ina za ki gane su?" in ji Maman Chanhi, tana dariya. "A goshi aka rubuta?"

"Ki bar ni da su. Ido gare ni."

Raina ya ɓaci, amma tsoro ya fi ɓacin ran yawa, har da ni a masu murmushi. Maman Yerim ta waiga ta dubi labulen.

"Maman Daon, rana tsaka kin rufe mu cikin duhu kamar masu zaman makoki?"

Kafin in ajiye buta ta miƙe ta yaye shi. Ga baranda nan yadda magina suka bar ta, da shanyar kayanmu.

"Ba ku fasa ba?"

"Baban Daon ne ya hana," na ce. "Wai a nan yake son shanya barkono."

Ta ce, "Maza ke nan." Na ci gaba da zuba shayi.

Sai ga yaran sun fito a guje. Yerim na riƙe da wani zane da ta yi, hotonta ita da Daon hannu cikin hannu, an sa shi a firam na katako.

"Mama, na ba Daon kyauta. Ki ce a rataye mata a bangon can."

"Mu ba ma kafa ƙusa," in ji Daon, cike da alfahari don ta san doka. "Gidan na gwamnati ne. In mun ɓata bango sai a ci mu tara."

Maman Chanhi ta sunkuyar da kai cikin kofinta. Maman Yerim ko kallona ba ta yi ba. Ta ɗauki jakarta a tsanake.

"Yerim, sa takalmanki. Na manta muna da unguwa."

"Gobe ki tsaya mini a lif!" Daon ta ce wa Yerim daga bakin ƙofa.

Washegari da safe muka tsaya, Daon da jakarta a baya. Lif ya sauko daga benen su Yerim, ya buɗe, ba kowa. Karo na biyu ma haka. Ni kuwa tun ɗazu ta taga na hango su suna tsallaka titi, uwar na jan 'yar da sauri.

"Daon, za ki makara."

Ta ja hannunta daga nawa, idonta a kan ƙofar lif.

"Mu ƙara jira, Mama. Yerim ba ta iya ɗaure takalmi da wuri ba."