Sunan Ɗan Baba

"Madam, sake dubawa don Allah," in ji Majo Yahaya, shugaban ma'aikatan jinya, waya a kunne, ido a kan agogon bango. Sha biyu saura minti ashirin. "Uwar yaron tana gabana. Ta ce tun Litinin ta aiko."

Balaraba ta ƙanƙame ƙarfen gado. Ɗanta yana kwance, allura ta sa shi barci, ƙafar dama a ɗaure tun daga ƙugu. Kwana tara ke nan da babur ya kayar da shi a hanyar Ɗan Issa, ƙashin cinya ya karye wuri biyu. A nan Madarounfa an yi iya abin da za a iya. Sai aka ji wasu likitocin ƙashi za su sauka Yamai mako mai zuwa, su yi wa mutum arba'in aiki kyauta, kuma yau da sha biyu Madam ɗin za ta rufe jerin sunaye a can. Wanda bai shiga ba, sai ya nemi sanda ya saba da ita.

Majo ya kashe waya. "Ta ce ba ta gani ba. Malama, ba ni salularki in ga abin da kika aika."

Balaraba ta miƙa ba tare da fargaba ba. Ita ce fa mai koya wa matan unguwa karatu da rubutu, ba a taɓa kushe wasiƙarta ba. Wannan imel kuwa ta zuba masa ladabi kamar mai rubuta wa hakimi: sallama, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, yaya haƙuri da jama'a, layi tara cur. Can ƙasa, inda ido ya riga ya gaji, ta ce ga hoton ƙafar Ɗan Baba, a taimaka saboda Allah.

"Ina obje?" in ji Majo.

"Mi ne ne obje?"

"Akwatin ga na sama da kika bari wayam. Nan ake sa kan magana. Matar ga saƙo ɗari uku take samu a yini, kuma saƙo babu kai buhu ne babu suna a tashar Maradi." Ya ƙara matsa allon da yatsa, ya yi tsaki a hankali. "Kuma wane ne Ɗan Baba? A takardun da muka aika musu babu Ɗan Baba."

Ya san amsar, shi ma ɗan ƙasar ne. Yaron ɗan fari ne, kuma sunan uban mijin Balaraba aka sa masa. Shekara goma sha tara sunan nan bai taɓa ratsa bakin Balaraba ba, ko alƙalaminta. Makaranta da takardar haihuwa duk uban ne ya yi, uban kuwa yana can wajen haƙar zinariya a arewa, inda waya ba ta shiga.

Kafin ta buɗe baki, ihu ya tashi a ƙofa. An kawo mai naƙuda daga Safo a amalanken jaki, jini ya jiƙa tabarma. Majo ya danna mata lambar a salula, ya tura mata a hannu, yana gudu yana magana. "Sunanta Madam Safiya. Fita gindin dogon yaro, nan rezo yake, waya na shiga. Kira ta da kanki!"

Gindin bishiyar, dab da tagar ɗakin, masu jinya ne zaune a kan tabarmi. A cikinsu akwai Inna Delu, uwar mijinta, da ƙwaryar fura a gabanta. Balaraba ta kira. Sai a bugu na uku aka ɗauka.

"Na gano saƙon naki yanzu," in ji Madam Safiya. Muryar ba ta faɗa ba ce, ta wadda ta gaji ce. "Na gode da gaisuwa, iyali lafiya lau. Amma 'yar'uwa, gaisuwa ba ta shiga jeri. Wuri ɗaya ya rage, nan da minti biyar zan buga takarda. Faɗa mini cikakken sunansa, yadda yake a takardar haihuwa, in riƙe masa."

Cikakken suna. Wato nasa da na ubansa. Suruki, ɗan fari da miji, duk a numfashi ɗaya, a gaban uwar miji.

"Sunan kakansa ne," ta ce.

"To ni na san kakansa?"

Balaraba ta miƙa wa Inna Delu wayar, idonta yana roƙo. Tsohuwar ta kawar da kai, ta ja gyale ta rufe baki. Sunan mijinta ne ai. Shekara arba'in ta zauna da shi ba ta faɗa ba, mutuwarsa kuma ba ta kwance mata harshe ba. Sauran matan baƙi ne daga Gabi, ba su san yaron ba, amma duk sun bar hira sun zuba ido.

"Alo? Kina ji na? Akwai wani a ɗaya layin yana jira."

Gumi ya keto wa Balaraba. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka kawo shi cikin jini. Ta juya wa tabarmar baya, ta faɗi sunan ƙasa-ƙasa, kamar mai satar nama a tukunya.

"Ban ji ba, yana yankewa. Ɗaga murya!"

Ta rufe ido.

"Abdurrahman! Abdurrahman Sama'ila!"

Har mai sayar da ƙosai a bakin ƙofa ta waiga.

"Ya shiga," in ji Madam Safiya. "Yanzu ki sake aiko saƙon. Sunan a akwatin sama, gaisuwa layi ɗaya ta isa, sai hoton, sai sunanki da lambarki a ƙasa. Allah ya ba shi lafiya."

Ta rubuta, harafi bayan harafi, tana ganin sunan ya fito baƙi ƙirin a kan allo. Sha biyu saura minti biyu saƙon ya tafi. Ta tsaya nan, ta kasa juyowa.

"Shekara goma sha ɗaya rabon da in ji sunan ga a bakin wani na gidanmu," in ji Inna Delu daga cikin gyale. Ta sauke gyalen. "Ashe kin iya shi."

Daga cikin taga sai ga murya mai nauyin barci.

"Wa ke kirana?"

Balaraba ta share fuska da bakin zane, ta leƙa.

"Ba kowa, Ɗan Baba. Koma barci."