Lemon Tsami a Hannun Lauratu

Da na san abin da Inna za ta yi da lemon tsamin nan, da ban sayo mata shi a kasuwa ba.

A shekarar nan da agana ta shigo ƙasar Gaya ne 'yan lamba masu rigakafi suka zo garinmu Toranke. Na ɗauki 'yata Lauratu, mai shekara huɗu, na kai ta layi. Malam Abdulsalam, ma'aikacin lafiya, ya yi mata lambar a damtse, ya ce mini, "Idan wurin ya kumbura ya yi ruwa cikin mako guda, ta kama. Kada a taɓa shi."

Da la'asar na dawo daga gona, yarinya ta rugo ta rungume ni. Sai na ji ƙanshin lemo a jikinta. Na duba damtsen, an goge shi tas, har da toka.

"Inna, me kika yi?"

Mahaifiyata Hajo tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na wanke mata dafin. A zuba wa ƙawata ciwo a jiki tana lafiya ƙalau? Na jiƙa mata sassaƙe, na ɗaura mata laya. Da su na raine ka, ga ka nan ƙato, sai tsoro."

"Yayyena biyu fa, Inna?"

Ta ci gaba da tsince wakenta. Agana ce ta ɗauke su, ita ma ta bar mata zane a fuska. Na yi nadamar faɗa.

Kwana bakwai ina duba hannun nan safe da yamma, har Lauratu ta riƙa miƙo mini shi da kanta tana dariya. Ɗan ƙurji ya fito kamar ƙwayar gero, bai yi ruwa ba.

A rana ta takwas na tarar Inna ta yi mata wanka, ta ƙulle dafaffen ƙwai a tsumma.

"Kai ta Gaya a sake," in ji ta. "Amma kada su cire mata layata."

Na goya ta a keke. A Gaya aka ce maganin ya ƙare, 'yan lamba sun yi gabas, sai wata mai zuwa. Ma'aikacin da ya duba ƙurjin ya ce watakila ta kama, watakila a'a.

Jiya aka ce agana ta kwantar da yara biyu a ƙauyen da ke kusa da mu. Inna na can tana yi wa Lauratu kitso. Har yanzu ban sani ba ko lambar ta kama.