Ƙuri'ar Baba Grema

Ranar da konseye, wato 'yan majalisar gari, suka shirya tsige Hajiya Meram daga kujerar magajiyar gari, ta duba ta ga ƙuri'u sun yi kunnen doki. Saura mutum guda, Baba Grema, tsohon konseyen da bai taɓa saɓa mata ba. Sai dai tun da rikici ya tashi garinsu na bakin kogin Komadugu, meri, wato ofishin magajiyar gari, ta koma gidan haya a Diffa, shi kuwa yana runfar zana a sansanin gudun hijira na Assaga.

An hana hawan moto, wato babur, motar meri kuma ta daɗe kan duwatsu. Hajiya ta ɗaura ɗamara, ta hau amalanken shanu da kanta ta je ta ɗauko shi.

To, a nan fa aka yi ta! Baba Grema ba ya wuce ɗan Adam bai gaishe shi ba. Kuma gaisuwar Barebari ce, ta gida da yara da rana da gajiya, a kai ƙarshe a sake daga fari. Ya gaida masu tattasai, ya gaida mata a bakin pompo. Har sojan shingen bincike sai da ya tambaye shi lafiyar tsohuwarsa. Hajiya tana ta duban rana.

Daf da gari ya hango surukinsa Maina a gindin itacen bedi. Ya fara sauke ƙafa.

"Baba, don Allah, kujerata!" in ji Hajiya. Ta fizge sanda ta tsula wa shanu, suka zabura. Aka bar Maina tsaye da hannu a miƙe.

Suka shiga zauren taro ana gab da rufe ƙofa. Hajiya ta zauna tana haki, daɗi ya kama ta. Aka ce masu son tsigewa su ɗaga hannu. Hannun Baba Grema ya riga na kowa tashi.

"Baba! Ni fa na kawo ka!"

"Ke kika kawo ni, ɗiyata, Allah ya yi miki albarka. Amma komai namu ya tsaya a bakin kogi, gaisuwar nan kaɗai muka taho da ita. Yau kin sa na wuce surukina kamar kare."

Ya gyara hula, ya dube ta da fara'a.

"To, yaushe za ki mai da ni gida?"