Masuncin Guri a Titin Kano

Na lura Kawu Haruna ya sauke gilashin motarsa daidai lokacin da Baba ya zauna kusa da shi. Baba masunci ne a Guri, kuma duk wankin da Iya ta yi wa rigarsa, ƙarnin kifi bai gama fita ba.

Shekara huɗu na yi a Jami'ar Bayero, Baba bai taɓa zuwa ba. Kullum sai ya ce, "Me zan je in yi a cikin 'yan boko?" Sai da na gama, Iya ta yi ta lallashinsa, sannan ya yarda mu zo Kano kwana biyu. Abu ɗaya nake so, ya taka makarantar da kifinsa ya kai ni.

Ranar Asabar Kawu, ƙanen Iya, ya zaga da mu gari. Muka hau Dutsen Dala, muka leƙa marinar Ƙofar Mata. A gidan namun daji Baba ya dubi kada ya ce wannan ai jinjiri ne. Jami'a aka bari sai Lahadi, kafin mu kama motar Haɗeja ta la'asar.

Ran Lahadi aka tafka ruwa tun hantsi. Da ya tsagaita muka fito, ba mu yi nisa ba muka faɗa cunkoso. Ruwa ya cika wani kwari, ba a gane kwalta ba a gane kwata. Wata tasi ta riga ta zurma ƙafa ɗaya. Kowa sai ham yake, ba mai gaba.

Kawu ya duba agogo, ya dubi Iya. "Yaya, mu juya tasha kawai. Makaranta ai gini ce, kun ga gine-gine jiya."

Na sunkuyar da kai. Baba ya waiwayo ya dube ni, sai ya buɗe ƙofa.

"Malam Garba, nan fa ba Guri ba ce!"

"Ruwa dai ne, Haruna. Ko na Kano ma ya yi boko?"

Ya tuɓe rigarsa ya miƙa wa Iya, ya naɗe wando. Ya ari gora wurin wani mai rake, ya ɗebi ɓawon rake ya watsa a ruwan, ya tsaya yana kallo. Haka yake yi a fadama: inda ɓawo ya tsaya yana juyi, rami ne, inda ya wuce kai tsaye, ƙasa na kusa. Ya shiga yana dogara gorar, yana kafa mutane kamar turaku.

"Kai mai jar hula, tsaya nan, kada ka motsa. Bayanka kwata ce."

Wani direban bas ya leƙo. "Baba, injina fa?"

"Biyo ni. In ka ga ruwan ya wuce gwiwata, ka taka burki."

Bas ta bi shi a hankali har ta haye. Kwandastan ya buga jikin motar yana ihu, "Sarkin ruwa, ranka ya daɗe!" Mutane suka ɗauka da tafi. Iya ta manta a Kano take, ta rangaɗa guɗa. Motarmu ce ta huɗu da ta ƙetare, Kawu ya riƙe sitiyari gam yana bin hannun Baba.

Da wando jiƙe Baba ya shiga jami'a. Na kai shi zauren da muke ɗaukar darasi. Ya leƙa ta taga, ya daɗe yana kallon kujerun.

"Zinariya, wacce ce taki?"

"Ta can gefe, Baba, kusa da bango."

"Ke dai da ɓuya." Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "To, nuna mini sauran. In motar la'asar ta tafi, akwai ta gobe."

Kawu yana tsaye a bayanmu yana kaɗa mukulli. Ya sa mukullin a aljihu, ya juya ya nufi inda ya ajiye mota don ya jira mu a can.