Allurorin Motar Orville

"Cokula biyu na ce maka, Delbert, ba sukurudireba ba! So kake ka karce mata fuska?"

Na ajiye sukurudirebar da ƙarfi a kan teburin kicin ɗinsa, don ya san na ji haushi. Maƙwabcina Orville Pruitt yana zaune da robar iska a hanci, tukunyar iskar tana huci a gefen ƙafarsa. Ciwon huhu ya cinye shi ya bar ƙashi da fata, amma bakin nan nasa ko taɓa shi bai yi ba. A gabanmu, a kan tsohon tawul, ga allon agogunan motarsa da muka ciro da shigowar sanyi: agogon gudu, na juyin inji, na mai da na zafi. Gilasansu sun yi hazo, lambobin sun koɗe, allurorin kuwa rana ta mai da su kalar madara.

Matarsa Maxine ta miƙo mini ƙananan cokulan shayi biyu ba tare da ta juyo daga murhu ba.

"Ka dawo mini da su a miƙe," ta ce.

Na zura su a ƙarƙashin gindin allurar gudu, ɗaya ta nan ɗaya ta can, na danna a hankali. Allurar ta fita da ɗan ƙas.

"To, ka ga?" na ce.

"Na gani. Da ni ne, da ko wannan ƙarar ba za a ji ba."

Haka Orville yake. Kuma bari in faɗi tun yanzu, ni ban taɓa ɓoye wa kowa ba: na yi hassadar motar nan tun ranar da ya shigo da ita layinmu a garin Saginaw a 1969, koriya shar, injinta yana girgiza tagogin gidana. Wurin aikinmu ɗaya, gidan narka ƙarfe, albashinmu ɗaya. A shekarar ni na sayi doguwar motar iyali mai kama da akwatin gawa, saboda marigayiya matata tana da ciki. Shi kuma ya sayi wannan. Tun daga nan na wanke ta, na goge ta, na tura ta, na kwanta a ƙarƙashinta ƙazantar mai tana ɗiga mini a ido. Amma ko sau ɗaya ban taɓa zama a bayan sitiyarinta ba. Ko ranar da muke fitar da iska daga birki, aikin da dole wani ya zauna ya taka, ni aka tura ƙasa, shi ya zauna ya taka. A cikin 'yan ƙungiyarmu ta masu tsofaffin motoci ba abin mamaki ba ne mutum ya hana aron motarsa. Amma Orville nasa ya wuce na kowa.

Yanzu kuwa hannunsa yana rawa, ko kofin kofi ba ya iya kaiwa baki sai ya zuba. Ƙafarsa ba za ta iya taka kulocin nan mai tauri ba. Kuma da bakinsa ya ce, "Idan mun gama agogunan nan, za mu fita hanyar bakin kogi, mu ga ko allurar gudu tana faɗin gaskiya." To, wa zai tuƙa? 'Ya'ya ba su da su. Na yi lissafina na yi shiru, kullum da safe ina tsallaka shingen da ke tsakaninmu kamar mai zuwa aiki.

Fentin allurorin ya ci mu kusan wata guda. Ruwan lemo mai haske ake so, irin wanda suka fito da shi daga kamfani. Na haɗa, ya ce ya yi ja. Na ƙara rawaya, ya ce, "Wannan ai kabewa ce." Na goge gilasan har yatsuna suka mutu, ya ɗaga ɗaya a hasken taga ya nuna mini wani karce da ko likitan ido ba zai gani ba.

"Orv, wa zai leƙa nan?"

"Ni."

"Kai ɗin ma ba ka gani sai da tabarau biyu."

"Amma na gani, ko ban gani ba?"

Da muka zo kan lambobin da ke ƙirga tafiya, na ce mu mayar da su sifili kamar yadda wasu suke yi idan sun sabunta mota. Ya dube ni kamar na zagi uwarsa.

"Ka taɓa su in sa Maxine ta kore ka da tsintsiya. Ni na taka kowane mil a nan. Kai ne ka taka?"

"Ai ba ka ba ni dama ba."

Maxine ta tuntsire da dariya a bakin wurin wanke-wanke. Ni ban ga abin dariya ba.

A watan Fabrairu muka mayar da allon. Ni na kwanta rigingine a ƙasan kujerar gefe, kaina a ƙarƙashin allon, ina haɗa wayoyi, bayana yana kuka. Da na gama, ni da Maxine muka tallafo shi daga cikin gida, da bargonsa da tukunyar iskarsa, muka zaunar da shi a kujerarsa. Na ɗaga ƙofar gareji. Ya murɗa makulli, injin ya yi tari sau biyu ya kama, kayan aikin da ke rataye a bango suka shiga rawa. Allurar juyin inji ta yi tsalle. Ta mai ta hau a hankali. Ruwan lemon nan yana ƙyalli a kan baƙar fuska, wallahi kamar ranar da aka ƙera su. Aikin hannuna ne, amma ta taga nake leƙensa.

Orville ya ɗora babban yatsa a kan gilashin agogon gudu ya share ƙurar da babu.

Na duba waje. Rana ta fito, an kwashe ƙanƙara, titin a bushe yake.

"Orv, mu je yanzu. Matsa gefe, ni zan ja. Mu kai bakin kogi mu dawo."

Ya leƙa ta madubi. "Ka ga titin can? Fari fat. Gishiri ne."

Duk wanda ke da irin wannan motar a garinmu ya san dokar: daga ranar da motocin hukuma suka fara watsa gishiri don narkar da ƙanƙara, mota tana gareji, har sai ruwan Afrilu ya wanke titi sau biyu ko uku. Gishiri yana cin ƙarfe ta ƙasa. Ni ma na sani. Amma na dubi wuyansa da ya zama kamar na kaza, raina ya ɓaci.

"Haba Orv! Fita ɗaya? Zan wanke mata ciki da hannuna idan mun dawo."

"Ba ta taɓa taka gishiri ba. Ba yau za ta fara ba."

"Ko gishirin duk jihar nan ta sha, motar nan sai ta fi ka daɗewa a duniya!"

Maxine ta ce, "Delbert!"

Shi kuwa murmushi ya yi, ya kashe injin. "Haka nake so," ya ce. "Afrilu, Del. Ba nisa."

Na koma gida na buga ƙofa. Haushin da na ji, rabi don shi ne, rabi don kaina, kuma ban san wanne ya fi yawa ba.

Bai kai Afrilu ba. Wata safiya a ƙarshen Maris ina soya ƙwai, na hango Maxine ta taga tana tsallako shinge da silifas ɗin ɗaki, ba ko rigar sanyi. Na kashe wuta na buɗe mata.

"Ya tafi, Del," ta ce. "Na je kai masa kofi."

Washegari aka fara ruwa. Kwana da wuni ana zubawa, gishirin yana bin kwata. Na tsaya a baranda ina kallo ina zaginsa a raina, tsohon banza mai taurin kai.

A ƙungiyarmu, idan ɗayanmu ya mutu, motarsa ce take shiga gaba, motar gawa a bayanta, sauran tsofaffin motoci su biyo a jere har makabarta. Ban tambayi kowa wa zai tuƙa ba, don ban ga abin tambaya ba. Na wanke ta, na duba mai da ruwa, na sa iska a tayoyi. Ranar jana'izar na sa baƙar kwat ɗina da takalmi mai siririn tafi don in ji kulocin da kyau. Kunya ta kama ni da na ga ina murna, amma murnar ba ta tafi ba.

Maxine ta fito da makulli a hannu. Na miƙa tafina. Ta wuce ni ta buɗe ƙofar direba.

"Maxine, me kike yi?"

"Shiga ta can. Ya ce ka zauna a gefe ka sa ido a kan allurar gudu. Ya ce idan ta yi ƙarya, aikinka ne, gara ka gani da idonka."

"Ke? Kin ma san inda giyar farko take?"

Ta cire takalmanta masu tsini ta jefa kujerar baya. "Wa kake tsammani yake dawo da shi gida duk Asabar idan ya sha ya yi tatil a wurin rawa? Kana barci lokacin."

Ta taka kuloci da safa, ta sa giyar baya ba ko ƙara, ta fita daga garejin kamar mai zare zare daga allura. Na zauna hannuna a kan gwiwa. Ashe duk shekarun nan akwai wanda Orville ya yarda ya ba sitiyarin, sai dai ba ni ba ne. Na ji kishin matar da ta rasa miji kwana uku da suka wuce, kuma Allah ya sani ban iya hana kaina ba.

Daga coci muka bi hanyar bakin kogi. Allurar ta tashi sumul, ba rawa, ba tsalle.

"Yaya?" ta ce, idonta a kan hanya.

"Daga nan ba na gani daidai. A karkace take."

"Na sani," ta ce. "Na daɗe a kujerar da kake zaune."

A ƙofar makabarta ta tsaya ta ja birkin hannu. 'Yar'uwarta ta taho da gudu tana kuka, Maxine ta fita da safa a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa ta rungume ta, ta bar ƙofa a buɗe, injin yana aiki. Mutane duk sun juya wajen motar gawa. Ba mai kallona.

Na dubi kujerar. Fatar ta lotsa a gefen hagu, inda Orville yake jingina, sitiyarin kuma ya koɗe a wuri biyu daidai faɗin tafinsa. Tsakanina da ita bai kai taku ɗaya ba.

Na miƙa hannu daga inda nake na murɗa makullin. Allurar juyin inji ta faɗi nan take, ta mai ta bi ta. Ta zafi ce ta daɗe tana sauka, na zauna ina kallonta har ta kwanta.