Sabon Bututun Iska a Motar Dakhil

Ƙanena Dakhil ya sa wa a-kori-kurarsa sabon bututun shaƙar iska mai sanyi a garin Ha'il na Saudiyya, ya ce daga yau ƙarfinta ya ƙaru, shan mai ya ragu.

Muka kama hanyar garken raƙumanmu. Injin na wani ruri mai daɗi, shi kuwa sai ƙara taka totur yake don ya ji. Kafin mu isa, mai ya ƙare ƙaf a tsakiyar rairayi.

Na ce, "Dakhil, ina ragin?"

Ya shimfiɗa darduma a inuwar motar, ya zuba mana gahawa. "Haba Yaya, bututu ya yi aikinsa, ƙafata ce ta shanye man. Zauna, maƙwabcinmu Mutlaƙ zai biyo."

Mutlaƙ ya ja mu har garke. Washegari shi ma ya sayo bututun.