Tsakuwar Hinokidani

Da na ga ɗanmu Naoyuki ya shigo da buhunan shara goma, na san yau akwai rigima. An sayar da gidan, za mu koma kusa da shi a birnin Sendai, hawa na huɗu, ɗaki biyu kamar kwalin ashana. Mijina Genzo kuwa shekara talatin ya yi yana gina ƙaramin layin dogo na wasa a ɗakin baya, da duwatsunsa, da gada, da tashar Hinokidani, ƙauyenmu da madatsar ruwa ta haɗiye.

"Baba, katakon shara mai ƙonuwa ce, ranar Talata. Ƙarafan sai Juma'a. In mun je can na sayo maka sabo a kwali."

Genzo ya zuba wa layin dogonsa ido. Tun da hannunsa ya fara rawa ya koyi shiru, abin da ke ƙona min rai. Na daɗe ina zagin jirgin nan, ya cinye min ɗaki, ya cinye min matatar shayi uku wajen tankaɗe tsakuwa, amma ni kaɗai ke da izinin zaginsa.

"Kai, kwashe buhunanka," na ce. "Sabo a kwali! Kai ma a kwali muka sayo ka?"

"Haba Mama, tsakuwa ce fa da katako."

Tsakuwar da ke shimfiɗe ƙarƙashin layin, Genzo ya ɗebo ta a bakin rafin ƙauyenmu ana saura mako a rufe madatsar, ya tankaɗe ta da hannunsa. Babu kantin da ke sayar da ita.

Na ɗora buta a wuta. Sai ga muryar tsohon a bayana.

"Mai ɗumi, Tokiko, kar ya tafasa. Farin gam na sa na manne layin da tsakuwar, na sirka shi da ruwa. Zai saki." Ya kalli ɗansa. "Tun ranar farko na san wata rana za a sake tashinmu."

Kwana uku muka yi. Ina zuba ruwa, ina zura wuƙar kicin a ƙarƙashin layin, shi yana daga kujera yana ba da umarni kamar shugaban tasha. Duwatsun suka farfashe, muka bar wa shara. Ƙafar gada ɗaya ta karye, na yi kuka, ban ɓoye ba. Tsakuwar na wanke ta sau uku, na shanya a jarida, ta cika kwalba biyu.

A Sendai Naoyuki ya zagaye ɗakin da abin awo.

"Kin gani ko? Babu wuri."

Na jawo babbar durowar da ke ƙasan akwatin da nake ajiye kimono, rigarmu ta gargajiya. Babu komai a ciki.

"Mama! Ina kimonon aurenki?"

"Na bayar. Wa zan sake aura?"

A durowar muka shimfiɗa layin, zagaye ɗaya da tashar. Genzo yana barbaɗa tsakuwa da cokali, ni ina riƙe da wuyan hannunsa. Kwalba ɗaya ta ishe mu.

Naoyuki ya ɗaga ta biyun. "To wannan dai ta yi saura. In zubar?"

"Ajiye ta," na ce. "Rabi na kabarin babanka ne, rabi nawa. Kai za ka kai ta da hannunka, kuma ba a buhun shara ba."